Wasiƙa Daga Ailan: Ɗakin Dutse Da Zauren Kaka



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ina miƙa gaisuwa ta musamman ga Inna, da Kawu, da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa can Aziziyya, da Auta da sauran yaran gida, da abokai masu leƙowa wannan shafi jefi-jefi. Na san na daɗe ban yi rubutu ba, ku yi mini afuwa. Aikin makaranta ne ya sha mini kai. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na uku da jan biro har baƙin rubutun ba ya ganuwa, sai da na yi wata biyu ina gyara. Alhamdulillahi dai an wuce wurin. Sanyi kuwa sai godiya. Ruwan saman ƙasar nan bai san damina ba bai san rani ba, duk ranar da ya ga dama zuba yake yi.

Wasiƙar yau doguwa ce, kuma akwai magana a cikinta da na kasa faɗa a waya. Yaya, da kai nake musamman, amma na ga gara in rubuta a nan kowa ya karanta tunda maganar ta shafe mu duka, abokai kuma su zama shaida.

Farko dai bari in kwantar wa Inna da hankali. Auta ta gaya mini da ta nuna miki hoton da na turo, wanda nake tsaye a bakin wata 'yar ƙofar dutse, kin tambaya ina ne nan, da aka ce miki tsohon coci ne sai kika yi salati kika ce me ya kai ɗanki coci. Inna, ina nan yadda kika san ni. Wurin kango ne na tarihi, babu kujera babu gunki babu mai wa'azi a cikinsa, hukuma ce ke kula da shi kamar yadda ake kula da Gidan Makama a Kano, mutane na zuwa kallo daga ko'ina. Sunansa Gallarus. Labarin abin da na gano a can ne zan ba ku.

Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya matsa mini. Kakarsa mutuniyar yankin Kerry ce, can kudu maso yammacin ƙasar, kuma tun da ya ji karatuna a kan ruwa ne yake ce mini akwai ginin da ya kamata duk mai nazarin ruwa ya je ya gani. Ranar wata Asabar muka yi sammako a 'yar motarsa, muka bi ta garin Tralee muka nufi Dingle. Yankin wani dogon hancin ƙasa ne da ya kutsa cikin tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Idan ka tsaya a ƙarshensa ka fuskanci yamma, in ban da 'yan ƙananan tsibirai, babu wata ƙasa a gabanka sai ka kai nahiyar Amurka. Mutanen wurin har yau suna magana da yarensu na asali, allunan hanya ma da shi aka rubuta su. Gonakinsu ƙanana ne, an raba su da katangun dutse, ga tumaki an shafa musu fenti ja ko shuɗi a baya don kowa ya gane nasa. Na ce wa abokina mu a gida kunne ake tsagawa ko a ɗaura tsumma, ya yi dariya ya ce dabara dai ɗaya ce.

Daga garin Dingle tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Muka ajiye motar muka bi wata siririyar hanya a ƙafa, ana yayyafi, iska na kaɗawa daga teku. Da muka sha kwana sai ga shi. Wallahi da farko raina shi na yi. Ɗan ɗaki ne guda ɗaya tak a tsakiyar fili, kamar an ɗauki kwale-kwale an kife shi a ƙasa. Na ce a raina, wannan ne muka yi tafiyar awanni dominsa? Sai da na matsa kusa na ɗora hannu a bangon sannan bakina ya mutu.

Kawu, kai da ka yi yarinta kana miƙa wa Kaka tubali, kai za ka fi kowa gane abin da zan kwatanta. Ginin duka dutse ne, tun daga tushe har ƙololuwa. Babu azara, babu katako, babu ginshiƙi. An sassaƙe duwatsun an jera su, kowane layi yana ɗan zarce na ƙasansa ta ciki, kaɗan-kaɗan, har bangon dama da na hagu suka haɗu a sama suka zama rufi. Wato bango shi ne rufi, rufi shi ne bango. Ba ka ganin kwaɓi a tsakanin duwatsun, nauyinsu da iya zamansu ne ke riƙe da su. Masu bincike sun ce sun ga burbushin farar ƙasa can cikin bangon, amma ba ita ce ke ɗauke da ginin ba. Cikinsa bai kai mita biyar a tsawo ba, faɗinsa kuma kamar mita uku. Ƙofa ɗaya ce tana kallon yamma, gajera, sai da na sunkuya kafin in shiga. A bangon gabas akwai 'yar taga mai zagayayyen kai, ita kaɗai ce ke kawo haske. A saman ƙofar ta ciki akwai duwatsu biyu da suka ɓullo, kowanne da huda, ana jin a nan ake rataye ƙyaure.

Abin da ya sa abokina ya kawo ni shi ne wannan: kowane dutse an ɗan karkatar da shi, bakinsa na waje ya fi na ciki sunkuyawa. Don haka duk ɗigon da ya faɗo a kansa waje yake gangarawa. Mu a gininmu na ƙasa ruwa muke tarawa a kan soro mu kora shi ta indararo. Su kuwa kowane dutse indararon kansa ne. Na shiga ciki ana tsaka da ruwa, na shafa bango daga daidai gwiwata har inda hannuna ya kai, a bushe yake. Na yi shekara uku ina koyon lissafin yadda ruwa ke ratsa abubuwa da kwamfuta, ga wani magini da ba a ma san sunansa ba ya warware matsalar da guduma da ido.

Shekarunsa nawa? A nan masana suka rabu. An daɗe ana cewa ginin farkon zuwan addinin Kirista ƙasar ne, wajen ƙarni na 7 ko na 8. A 1970 wani masanin kayan tarihi mai suna Peter Harbison ya ce yana iya yiwuwa sai a ƙarni na 12 aka gina shi. Ko da maganarsa aka ɗauka, ginin ya haura shekara ɗari takwas ke nan, wato sa'an ganuwar Kano ce, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12. Wani marubuci Charles Smith ya kwatanta ɗakin a 1756, kuma yadda yake a lokacin haka yake a yau, sai dai tsakiyar rufin ya ɗan lotsa. Lotsawar nan ita ce ta kayar da 'yan'uwansa. Irin wannan ɗauri ya fi dacewa da ɗaki zagayayye, kamar 'yan bukkokin dutsen da ke warwatse a yankin masu kama da rumbu. Idan aka yi shi a ɗaki mai kusurwa huɗu, tsakiyar dogon bango ne ke fara gajiya. Akwai wasu ɗakunan ibada irinsa a yankin, yawancinsu rufinsu ya rufta. Shi ne ya rage cif.

A gefensa akwai wani dutse a tsaye da aka zana wa alamar gicciye da ɗan rubutu. Mutanen wurin kuma suna da camfinsu: wai duk wanda ya iya ratsawa ta 'yar tagar nan an wanke masa zunubansa. Na dubi tagar na dubi cikina, na ce wa abokina ni dai gara in ci gaba da istigfari.

Amma maganar da ta tsaya mini a rai ita ce ta sunan. Shi Harbison ɗin yana ganin kalmar Gallarus ta samo asali ne daga kalmomi biyu na yarensu masu ma'anar gidan baƙi. Akwai masu wata fassarar daban, amma hujjarsa ita ce ɗakin yana kan wata tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada, wadda ta taso daga bakin teku a Ventry ta yi tafiyar kusan kilomita 18 zuwa gindin dutsen Brandon, mai tsayin mita 952. Mutane kan zo daga nesa, wasu ta jirgin ruwa, su taka da ƙafa su hau dutsen. A kan hanyar akwai wani tsohon cocin na ƙarni na 12 a Kilmalkedar, shi rufinsa ya tafi. Idan maganar ta tabbata, to wannan ɗan ɗaki an gina shi ne domin matafiyin da ya baro gidansu saboda ibada, ya iso a jiƙe, ba shi da kowa a garin.

Lokacin azahar ya yi muna can. Na koma bayan katangar filin na shimfiɗa rigar ruwata a kan ciyawa. Da na duba alƙibla a waya sai na ga gabas ce da ɗan karkata kudu, kusan inda 'yar tagar nan ke kallo. Abokina ya koma gefe ya tsaya yana kore mini wata tunkiya mai son sani. Da na sallame ban tashi nan da nan ba, don Aziziyya ce ta faɗo mini a rai.

Yaya, ka tuna zuwana Umara a 2019, da na sauka a wurinka? Ka zagaya da ni unguwar da daddare kana nuna mini dogayen benaye, wasu duk a rufe babu fitila ko ɗaya. Na tambaye ka ina mutanen, ka ce ai waɗannan na alhazai ne, shekara guda suke jira domin 'yan makonni. Ka ce da yawa daga masu gidaje a nan idan aikin Hajji ya matso sukan kwashe iyalansu su ba da hayar gidan, saboda kusancin unguwar da Mina. Wato Aziziyya ɗungurungum gidan baƙi ce. Kai kanka baƙo ka je, kamar dubban Hausawan da suka riga ka, waɗanda jikokinsu suka cika wajajen Shara Mansur.

Ka kuma tuna ranar da muka fita wajen Arfa, muna dawowa ta Muzdalifa na ce ka tsayar da mota? Wani dogon gini na duwatsu na hango yana bin gindin tsauni kamar maciji. Ka ce kai kullum kana wucewa ta nan ba ka taɓa tsayawa ba. Ragowar magudanar Ainu Zubaida ce. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira, wato 831, ita ce ta ga wahalar ruwan da alhazai ke sha ta sa aka janyo ruwa daga Wadi Nu'uman, ta ɓangaren Ɗa'ifa, ya bi ta Arfa da Muzdalifa ya gangaro har kusa da unguwarku. Wani wurin magudanar ta bi ta ƙarƙashin ƙasa, an yi mata rijiyoyi a jere domin a riƙa shiga ana yashewa, wani wurin kuma ta fito fili a kan katanga. Babu inji babu famfo, gangara kawai aka lissafa. Ana ba da labarin cewa da aka tsorata ta da yawan kuɗin aikin, cewa ta yi a yi ko da kowane saran gatari zai ci dinari. Ruwan ya shayar da alhazai fiye da shekara dubu. In dai lissafin farko na shekarun Gallarus ne daidai, to maginan Zubaida da maginin wannan ɗaki kusan zamani ɗaya suka yi. Ba su san juna ba, addininsu ba ɗaya ba, amma dukansu dutse suka jera saboda baƙon da ya zo ibada.

A daren nan ne kuma ka nuna mini agogon Makka daga kan rufin gidanku, dogon benen nan mai mita 601, ka ce a wurin da yake akwai wani tsauni da tsohuwar ganuwar Turkawa a kansa, Ajyad, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 aka rushe a 2002. Na ce kaico, kai kuma ka ce, to a ina kake so a sa mutane? Ban manta wannan amsar ba, kuma ba ta da laifi. A shekarar nan kusan mutum miliyan biyu da rabi ne suka yi Hajji. Dole a faɗaɗa, dole a yi masauki, rai ya fi dutse. Gallarus bai taɓa fuskantar wannan jarrabawa ba. Yana can ƙarshen duniya a tsakiyar gonakin talakawa, babu wanda ya taɓa buƙatar filinsa. Ban da gwanintar magini, rashin mai kwaɗayin wurin ma ya taimake shi.

To yanzu na iso kan maganar da ta sa na ɗauko duk wannan dogon zance. Zauren Kaka.

Kowa ya san abin da ya faru. Daminar bana ta cinye kusurwar arewa, indararo ya karye, ruwa ya shiga bango, yaɓe ya zube. Aka yi shawara a zauren WhatsApp na gida. Yaya ya ce shi zai turo kuɗi a rushe a yi shaguna uku na bulo, hayarsu ta riƙe maganin Inna da kuɗin makarantar yara. Kawu ya yi shiru. Gwaggo ta ce Allah Ya zaɓa mafi alheri. Ni ne na fara cewa a rushe. Har na ƙara da cewa ginin ƙasa ya zama tsohon yayi, kowace shekara sai an kashe masa kuɗi kamar mara lafiya. Na rubuta wannan ina zaune a ɗakin karatu mai ɗumi, ko minti biyu ban yi ina tunani ba. Yau ina neman a ba ni dama in janye maganata.

Ina cikin ɗakin dutsen nan, da na ɗaga kai na ga yadda duwatsu suka rungumi juna a sama, abin da na gani a idon zuciyata shi ne rufin zaurenmu. Bakan gizo huɗun nan da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, inda Kaka ya kafa tasa. Mun taso muna kwana a ƙarƙashinsu lokacin zafi, ban taɓa tambayar yadda aka yi suka tsaya ba. Kawu ne ya taɓa yi mini bayani ina yaro ban saurara ba: azara ake jerawa, kowace tana zarce ta ƙasanta kaɗan, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe sannan a ƙara wata, har hannu biyu su gamu a sama. Jama'a, ai dabarar Gallarus ke nan. Na ƙetare teku na biya kuɗin mai na je ina mamakin abin da kakana ya yi da hannunsa a ƙofar gidanmu.

Kuma wa aka yi wa zauren? Inna, ke kika ba mu labari. Kin ce lokacin da aka kawo ki gidan, da wuya a yi mako babu baƙo a cikinsa. Fatake, almajirai, da masu niyyar Hajji ta ƙasa da suka taso daga wajajen Sakkwato da Maraɗi, su kwana biyu su huta kafin su nufi Maiduguri su bi ta Chadi da Sudan, wasu sai sun yi shekaru kafin su ga Jidda, wasu ba su dawo ba. Kin ce Kaka ba ya cin tuwon dare sai ya leƙa ya ga ko akwai wanda ya sauka. Wa ya sani, Yaya, ko cikin tsofaffin Hausawan da kake gaisawa da su a masallacin unguwarku akwai wanda ubansa ya taɓa kwana a zaurenmu. Namu Gallarus ɗin ke nan, tamu Aziziyyar ke nan, daidai ƙarfinmu.

Na san bambancin, ba sai an tuna mini ba. Dutse ana gina shi a manta da shi. Ƙasa kuwa sai da hannu a kanta kullum. In aka yi shekara uku ba a yi yaɓe ba, ba a shafa makuba ba, ba a duba indararo ba, ta fara komawa inda ta fito. Abin da ya sami zaurenmu ke nan, kuma laifinmu ne mu da muka watse, ba laifin ginin ba. Tun rasuwar Baba babu wanda ya hau soron nan kafin damina. Amma ku duba, hasumiyar Gobarau a Katsina ƙasa ce, ta yi ɗaruruwan shekaru tana tsaye saboda ana gyara ta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, da aka zo sabunta shi a shekarun 1970 sai aka yi sabon gini aka lulluɓe tsohon, bakan gizonsa suna nan a ciki har yau, masana gini daga ƙasashe suna zuwa kallo. Ganuwar Kano kuwa kowa ya ga yadda ta ƙare a wurare da yawa, an ɗebe ƙasarta an yi gidaje a kanta, kowa da hujjarsa mai kyau a lokacin da yake ɗiba. Babu wanda ya tashi da niyyar cinye ganuwa. Kwando-kwando ta tafi.

Ban ce maganin Inna ba shi da muhimmanci ba, Allah Ya kiyaye. Ban kuma manta ba cewa Yaya ne ke ɗauke da gidan nan shekara da shekaru, yana aiki cikin zafin Makka, ni kuwa ina nan ina karatu da kuɗin tallafi ban tsinana wa kowa komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda bai sa ko kwabo ba bai kamata muryarsa ta fi ta kowa ba. Don haka ba da baki kawai na zo ba. Ga abin da nake roƙo.

Na ɗaya, a yi shagunan, amma a jikin katangar kudu, inda tsohon turken awaki yake. Na auna a ƙwaƙwalwata, biyu za su shiga. Na san biyu ba uku ba ne, kuma na san ba su kai bakin titi kamar zauren ba, hayarsu za ta ragu. Na biyu, gyaran zauren na bana a kaina. Na yi lissafi, in na daina hawa bas na koma keke, na kuma karɓi aikin duba takardun ɗalibai da aka yi mini tayi, zan iya haɗawa kafin ƙarshen zangon nan. Na uku, yaɓen kowace shekara shi ma na ɗauka, har in gama in dawo, in Allah Ya yarda. Na huɗu, Kawu, ina roƙonka ka nemo mana maginin gargajiya na gaske, wanda ya san azara da makuba, kada a kawo mai siminti ya shafe bangon. Wannan kam fannina ne, zan iya faɗa da ƙarfin gwiwa: in aka shafa siminti a kan ginin ƙasa, danshi yana shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, sai bangon ya ruɓe ta ciki alhali waje yana sheƙi. Kuma in an zo aikin, a sa yaran gida su tsaya su miƙa ƙasa, ko mutum ɗaya ya koya.

In kuma bayan duk wannan aka ga rushewar ce dai mafita, ba zan yi jayayya ba. Ku ne manya, kuma ku ne a kusa. Abu ɗaya zan roƙa, a jira Auta ta ɗauki hoton rufin ta kowace kusurwa, a auna tsawo da faɗi a rubuta, a cire tasar nan ta tsakiya a ajiye mini.

Yaya, na san za ka ce ƙaninka ya je Turai ya koyo son tsofaffin kaya irin na Turawa. Wataƙila da gaskiyarka. Amma ina roƙonka abu ɗaya kafin ka ba ni amsa. Ranar Juma'ar da ba ka da aiki, ka ɗauki yara ku fita hanyar Muzdalifa da yamma, ka tsaya a inda muka tsaya, ka bar su su taɓa duwatsun Zubaida, ka gaya musu wace ce ita da abin da ya sa ta yi. In kun dawo gida ka kira ni. Duk abin da ka yanke a lokacin na yarda da shi.

Da za mu baro Gallarus ruwa ya tsananta, sai muka koma ciki muka fake, mu biyu da wasu tsofaffi mata da miji da suka zo daga Jamus, da wata yarinya mai goye da jaka wadda ta biyo tsohuwar hanyar a ƙafa. Muka tsaya a takure babu mai magana, muna jin ruwa na dukan dutse ta waje. Kusan minti ashirin muka yi, ko ɗigo bai taɓa mu ba. Da ya tsagaita kowa ya sunkuya ya fita ya kama gabansa.

Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a, saura babi biyu. Gwaggo, kukar da daddawar da kika aiko sun iso lafiya, har na yi miya na ba abokin nawa, ya sha ruwa kofi uku saboda yaji amma ya ce a ƙara masa. Auta, ki karanta wa Inna wasiƙar nan duka, kada ki tsallake inda na amsa laifina. A gaida yara, a gaida maƙwabta, a gaida duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya jiƙan Kaka da Baba, Ya kai haske kabarinsu, Ya bar mu tare.

Sai na ji daga gare ku.

Wassalam,
Naku a Ailan.